Atisayen Sojan Ruwa da Haƙƙin Mutanen Kogi: Nazari daga Bagudo

Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, yana shigowa Najeriya ta ƙasar Kebbi bayan ya raba Jamhuriyar Nijar da Benin, ya wuce tsakanin Gaya da Malanbil. Daga nan yake ratsa ƙaramar hukumar Bagudo ta wajen Lolo da Illo, ya karɓi ruwan Gulbin Kebbi, ya nufi Yawuri da tafkin Kainji. Ruwa ne da kwalekwale ke tsallaka iyakar ƙasa uku a kansa cikin yini guda. Tun daga shekarar 2021 'yan bindiga masu iƙirarin jihadi suka matsa wa arewacin Benin, musamman dajin W, sannan a ƙarshen 2024 sunan ƙungiyar Lakurawa ya cika bakin mutanen Sakkwato da Kebbi. Rundunar sojan ruwan Najeriya kuwa ta daɗe da barin bakin teku ta shigo cikin ƙasa: tana da sansani a Lokoja, tana da wani a Baga kan Tafkin Cadi, tana da kwaleji a Dawakin Tofa ta Jihar Kano. Wanda ya haɗa waɗannan abubuwa zai ga cewa sintiri da atisayen soja a kan ruwan Bagudo magana ce da ya kamata a tattauna tun kafin ta zo.

Matsayina shi ne yankin yana buƙatar tsaron, amma atisaye aiki ne da ake tsarawa da wata da watanni, don haka babu hujjar keɓe shi daga binciken tasirin muhalli ko daga jin ta bakin mutanen da kogin ke ciyarwa.

Dokar ƙasa tana tare da wannan matsayi. Bayan an gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a Koko ta Jihar Delta ta yau a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar, sannan ta yi Doka mai lamba 86 ta 1992 kan auna tasirin ayyuka ga muhalli. Dokar ta hau kan hukumomin gwamnati kamar yadda ta hau kan kamfanoni, kuma sashenta na 7 ya wajabta a ba jama'a da masana damar faɗin ra'ayinsu kafin a yanke hukunci. Sai dai ta bar ƙofa: ana iya tsallake bincike a lokacin dokar ta-ɓaci, ko inda ake ganin lafiyar jama'a da tsaronsu na buƙatar gaggawa. Wannan ƙofa ta dace da ranar da aka kai hari ana bin maharan. Ba ta dace da gina matsayar jiragen soja, ko ajiye tankunan mai a bakin gaɓa, ko ware filin koyon harbi ba, domin duk waɗannan sai an yi musu kasafi, an ba da kwangila, an sa rana.

Abin da ya faru a Amurka yana da amfani a nan, don ƙasa ce da ba a zarginta da raina sojanta. Dokar muhallinta ta tarayya, wadda ta fara aiki a Janairun 1970, ta tilasta wa rundunar ruwanta rubuta cikakken rahoton tasiri kan atisayen da take yi a tekun Atilantika da na Fasifik, ta baje shi, ta kira taro, ta amsa ƙorafi a rubuce. A Maris na 2000 manyan dabbobin teku fiye da goma suka faɗo gaɓa a tsibiran Bahamas bayan jiragen yaƙi sun yi amfani da na'urar sauti mai gano jiragen ƙarƙashin ruwa, kuma rahoton da rundunar ta sa wa hannu ya amince cewa sautin ne mafi kusa da zama sanadi. A 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta goyi bayan rundunar a ƙarar da masu kare muhalli suka shigar kan atisayen kudancin Kalifoniya, duk da haka wajibcin rubuta rahoton bai faɗi ba. A tsibirin Biyekes na Puwato Riko kuma, inda aka shafe shekaru ana gwajin bama-bamai ba tare da yardar mazauna ba, mutuwar wani mai gadi farar hula a 1999 ta tayar da zanga-zangar da ta sa rundunar ta bar filin baki ɗaya a 2003.

Kogi ba teku ba ne, kuma bambancin ya fi ƙarfafa hujjar. A teku jirgin yaƙi na iya yin nisa da mutane. A Bagudo ko'ina ka juya gonar wani ce ko mashayar wani. Kwara tana cika sau biyu a wannan yanki. Akwai farin ruwa mai laka da damina ke kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ya iso da sanyin hunturu. A kan wannan jadawali rayuwa take tafiya. Da cikar farko kifi ke bazuwa cikin ciyawar fadama ya yi ƙwai, giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa. Idan ruwa ya ja, manomin shinkafa ya bi sawunsa, Bafulatani ya sauko da shanu kan ciyawar burugu. Basarke yana shimfiɗa kalli da yamma, ya sa gora alamar inda yake, ya dawo da asuba. Jirgi mai manyan injuna biyu da ya bi wurin cikin dare zai yanke jarin shekara ba tare da matuƙinsa ya ji komai ba. Igiyar ruwan da irin wannan jirgi ke tayarwa tana iya kifar da kwalekwalen da ya yi lodin buhuna da mata 'yan kasuwa har baki. Mutanen Kebbi ba su manta da hatsarin Warra na Mayun 2021 ba, inda mutane da yawa suka halaka a jirgi guda. Ga ayu da dorina, waɗanda ƙara da fasa nakiya ke kora daga gurbinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kan taswirar soja, amma Sarkin Ruwa na kowane gari ya san su gurbi-gurbi.

A nan ne nake ganin raunin tsarin da muke da shi. Ƙa'idar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ita ce a ajiye rahoto na kwana 21 na aiki a ofisoshinta da sakatariyar ƙaramar hukuma, a sanar a jarida da rediyo. Rahoton kundi ne mai kauri da Turanci. Masuncin da ke magana da Hausa da Zabarmanci, ko makiyayin Ka'oje mai Fulfulde, ko manomin Illo mai Kyanganci, ba zai bar sana'arsa ya je ya buɗe shi ba. An cika sharaɗin doka ke nan, amma ba a ji kowa ba. Jin ta bakin jama'a na gaskiya a Bagudo sai an bi ta masarautar Gwandu da hakimanta, an zauna da sarakunan ruwa da shugabannin masu jirage da arɗo-arɗo, an je ranar kasuwa, an ware wa mata masu banda kifi nasu zaman, tunda ba za su yi magana a gaban maza ba. Kuma a dawo a faɗa musu abin da aka sauya saboda maganarsu. Yankin yana da tarihin da zai sa ya yi hattara: madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu tsakanin Busa da ƙasar Yawuri, kuma har yau ana maganar gonakin da ruwa ya ci.

Masu adawa za su ce sirrin soja ba ya jure wa taron jama'a, musamman a inda abokan gaba ke da masu kai musu rahoto. Damuwa ce ta gaske, ban raina ta ba. Amma abin da za a tattauna ba ranar farmaki ba ce ko yawan makamai. Tambayoyin su ne a waɗanne watanni za a kauce wa wuraren ƙwan kifi, wane gudu jirgi zai yi kusa da mashigi, ina za a zubar da baƙin mai da kwanson harsashi, wa mutum zai kai wa kuka idan an yanke masa koma, kuma cikin kwana nawa za a biya shi. Amsar waɗannan ba ta tona asirin kowa. Hasali ma rundunar ce za ta fi cin riba, domin masuncin da aka biya diyyar komarsa shi ne zai faɗi baƙon jirgin da ya gani ya tsallaka da tsakar dare.

Saura ɓangaren iyaka. Mutanen Lolo da na Malanbil da na Gaya dangi ne, kasuwarsu ɗaya, kuma kifin da aka rasa a nan su ma can za su rasa shi. Najeriya da Benin da Nijar duk suna cikin Hukumar Kogin Neja mai ƙasashe tara, wadda aka kafa a 1980 da hedikwata a Yamai, kuma Yarjejeniyar Ruwa da suka amince da ita a 2008 ta tanadi ƙasa ta sanar da maƙwabta kafin ta yi aikin da zai taɓa ruwan da suka yi tarayya a kai. Dangantakar gwamnatocin ta yi tsami tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, amma hukumar na nan, kuma takardar sanarwa ta hannunta ta isa ta hana sojan wata ƙasa ya ji ƙarar harbin atisaye daga hayi ya ɗauka hari ne.