Yadda Gyaran Tsohon Jirgin Shaƙatawa Ya Koma Gida a Amurka

A garuruwan bakin ruwa na Amurka, daga gaɓar tekun Maine har zuwa manyan tafkunan Michigan, ba abin mamaki ba ne ka ga tsohon jirgin ruwa a gefen gidan mutum, an ɗora shi a kan tirela ko katakai, an lulluɓe shi da tamfol, mai gidan kuwa duk ƙarshen mako yana ƙarƙashinsa da samfefa a hannu. Ba jirgin kamun kifi ba ne, ba kuma na fito ba irin wanda mutanen Yawuri ko Baga ke cin abinci da shi. Na shan iska ne kawai. Masu kallo daga nesa sukan ce begen zamanin da ne ke sa mutum wannan wahala. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma bai bayyana dalilin da ya sa aikin ya baro ma'aikatun jiragen ruwa ya tare a gidajen mutane ba. Abin da ya kawo haka lissafi ne. An kai lokacin da ladan gwanin da zai gyara tsohon jirgi ya zarce kuɗin jirgin kansa, kuma daga ranar babu abin da ya rage tsakanin jirgin da juji sai gumin mai shi, wanda ba a biya. Sauye-sauyen kayan ƙira su ne suka riƙa yanke hukuncin abin da wannan gumi zai iya yi da abin da ba zai iya ba.

Labarin da masu wannan al'ada suka fi kafa hujja da shi na Joshua Slocum ne, kyaftin ɗin jiragen kasuwanci masu tafiya da iska, wanda jiragen tururi suka raba da sana'arsa. A 1892 wani abokinsa, tsohon maharbin kifin whale, ya ce ya ba shi jirgi kyauta a Fairhaven ta jihar Massachusetts. Da ya je sai ya tarar da wani tsohon jirgin kamun kawa mai suna Spray an yasar da shi a fili, nesa da ruwa. Slocum ya sare itacen oak a kusa da wurin ya yi wa jirgin sabon ƙashin baya, ya turara katako da tururi har ya yi laushi ya tanƙwara shi ya yi haƙarƙari, ya riƙa cire ruɓaɓɓe yana sa sabo har babu abin da ya saura na asali sai siffa da suna. Ya yi wata 13 yana aikin, ya kashe dala 553 da 'yan kai. A wannan jirgi mai tsawon ƙafa 36 da ɗoriya ya bar Boston a watan Afrilun 1895, ya dawo a watan Yunin 1898, mutum na farko da ya zagaya duniya shi kaɗai a kan ruwa. Abin lura a nan shi ne kyautar ba ta tausayi ba ce kawai. Jirgin ba shi da daraja a kasuwa, kuma in da kafintan jirgi za a ɗauka a biya shi wata 13, da ba wanda zai soma. Slocum yana da abu biyu da kasuwa ba ta sa wa farashi ba, wato sanin aiki da lokacin da rashin aikin yi ya bar masa.

Amma Slocum gwani ne tun asali. Kafin gama-garin ma'aikaci ya yi tunanin taɓa jirgi da hannunsa, sai da jirgin shaƙatawa ya zama hajar masana'anta. Kamfanin Chris-Craft na garin Algonac a Michigan shi ya fi shahara a nan: tun shekarun 1920 ya riƙa fitar da jiragen gudu na katakon mahogani a jere, yadda maƙwabtansa na Detroit ke fitar da motoci. Jirgin katako ba ya ƙyale mai shi ya huta. In ya kwana a tudu lokacin sanyi katakon yakan bushe ya tsuke, ramuka su buɗe, sai an mayar da shi ruwa ya jiƙa ya kumbura kafin ya daina yoyo. Ga kankare tsohon fenti, ga cusa auduga a tsakanin alluna, ga shafa man ƙyalli shafi bisa shafi kowace shekara. Masu hali sukan bar wa ma'aikatar bakin ruwa wannan hidima. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, da ma'aikata suka samu albashi da hutu da gida mai gareji, sai kamfanin Chris-Craft ya fara sayar da jirgi a kwance cikin akwati a 1950, an yanka filawud an ƙidaya ƙusoshi, kai ne za ka harhaɗa. Ingila ma ta bi wannan hanya da ɗan ƙaramin jirgin Mirror na farkon shekarun 1960, wanda ake ɗinke allunansa da waya a liƙe da gam, aka kuma ƙera fiye da 70,000 nasa. Waɗannan akwatuna su suka koya wa dubban mutane cewa jirgi abu ne da hannun malamin makaranta ko akawu zai iya haɗawa.

Sai faiba ta zo ta birkita komai. A 1942 wani mai suna Ray Greene a Toledo ta jihar Ohio, garin masana'antar gilashi, ya jiƙa zaren gilashi da ruwan roba mai daskarewa ya fitar da gangar jikin jirgi. A 1959 wasu 'yan uwa biyu, Clinton da Everett Pearson, waɗanda su ma a gareji suka fara, suka kai jirginsu Triton mai ƙafa 28 bajekolin jiragen ruwa na New York suka dawo da odar da ta kafa musu kamfani. An ƙera kusan 700 irinsa. Sirrin faiba shi ne mazubi. Da zarar an sassaƙa shi sau ɗaya, sai a yi ta fitar da jirage iri ɗaya kamar yadda mai buga bulo ke yi, kuma lebura mai burushi ya wadatar inda a da sai kafintan da ya shekara goma yana koyo. An ruwaito cewa tsohon mai zanen jirage L. Francis Herreshoff ya kira sabon kayan daskararriyar majina, amma ƙyamar tasa ba ta hana komai ba. A 1971 Chris-Craft ta fitar da jirginta na katako na ƙarshe. Cikin 'yan shekaru jiragen katako suka faɗi warwas a kasuwa, ma'aikatu suka riƙa farfasa waɗanda aka yasar musu ko su cinna musu wuta don su samu wurin ajiya, tsofaffin kafintoci kuma suka yi ritaya ba magada.

A daidai wannan gaɓa, lokacin da sana'ar ke gab da mutuwa, aka ga masu sha'awa sun miƙe. Mujallar WoodenBoat ta fara fitowa a 1974 a hannun Jon Wilson, ƙungiyar masu tsofaffin jirage ta Antique and Classic Boat Society ta kafu a 1975 a Tafkin George na jihar New York, a 1981 kuma mujallar ta buɗe makaranta a Brooklin ta Maine. Ilimin da a da ake gadonsa daga maigida zuwa yaron shago ya koma takarda da kwas na mako guda. Sai dai sha'awa kaɗai ba za ta ɗauki nauyin ba in ba don gam ɗin ifoksi ba, wanda 'yan uwan Gougeon na Bay City a Michigan suka daidaita don aikin jirgi bayan sun buɗe shagonsu a 1969. Aikin katako na gargajiya yana bukatar allo ya zauna da allo ba ko ƙofar allura, wanda kuwa sai gwani. Ifoksi yana cike giɓi, yana kama katako fiye da ƙarfin katakon kansa, yana kuma rufe shi ruf ruwa ba ya shiga. Ma'ana, ya yafe wa ɗan koyo kuskuren hannu. Masu ra'ayin riƙau sun yi ƙorafi, har yau kuma suna yi, cewa jirgin da aka dulmuya a gam ba shi ne wanda kamfani ya ƙera ba, kuma in ruwa ya samu kafa ya shiga bayan rufin, katakon zai ruɓe a ɓoye. Kashi na biyu na ƙorafin gaskiya ne. Na farko kuwa ba shi da ƙarfi sosai, domin jirgin katako ko a zamanin da ba a taɓa ɗaukarsa abin da zai dawwama da allunansa na farko ba. Sauya ruɓaɓɓe da sabo shi ne rayuwarsa, kamar yadda Spray ta nuna.

Yawancin jiragen da ake gyarawa a gida yau ma ba na katako ba ne. Na faiba ne, 'ya'yan shekarun 1960 zuwa 1980, kuma a kansu ne hujjar lissafi ta fi fitowa fili. Gangar faiba ba ta ruɓewa, na farkon ma an zuba musu kauri fiye da bukata. Abin da ke mutuwa shi ne katakon da aka ɓoye a ciki: balsa da aka sa tsakanin fatar sama da ta ƙasa ta daɓen jirgi don ya yi ƙarfi ba nauyi, da filawud na allon baya inda ake rataya inji, da katakan da ke tallafe da ƙasan jirgi. Duk ƙusar da aka ɗaura ba a toshe raminta da kyau ba, ƙofa ce ga ruwa. Mai duba tsohon jirgi yakan bi daɓen taku-taku yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Inda lafiya sautin yakan fito ƙwal. Inda ruwa ya ci sai a ji dum, in ya huda wurin kuma abin da zai biyo bakin ƙarfen baƙin caɓi ne mai tsami maimakon farin gari. Maganin kansa ba wani sirri ba ne: a yanke fatar sama, a kwashe ruɓar, a bar wurin ya bushe sarai, a liƙa sabon ciki, a mayar da fatar, a goge a yi fenti. Kayan aikin ba su da tsada ƙwarai. Awoyin ne ke da yawa, ɗaruruwa, kuma in ma'aikata ce za ta caje su, takardar kuɗin za ta ninka darajar jirgin. Ga shi babu kamfanin da za a koma wa. Harajin kashi 10 cikin ɗari da aka ɗora a 1991 kan abin da ya haura dala 100,000 na farashin sabon jirgi ya faɗo daidai lokacin karayar tattalin arziki, kuma kafin a soke shi a 1993 masana'antu da yawa sun rufe. Kamfanin Pearson ma a wannan tsakani ya durƙushe. Jiragen suka zama marayu, masu su suka koma neman sani a wurin juna da littattafai irin This Old Boat na Don Casey da mujallar Good Old Boat da aka fara a 1998.

Mai suka zai ce ai wannan lissafi kansa hasara ce, tunda ba kasafai mai gyara ke mayar da ko kuɗin kayan da ya saya ba in ya tashi sayarwa. Haka ne, in ka cire 'yan jiragen mahogani da masu tara kayan tarihi ke rububi. Amma sukar ta auna abin da ma'aunin da ba nasa ba. Wanda ya sayi jirgi ɗan shekara 40 bai zaɓa tsakanin riba da hasara ba. Ya zaɓa ne tsakanin wannan jirgi da zama a tudu, domin sabo irinsa ya fi ƙarfin aljihunsa nesa ba kusa ba. Yana biyan kuɗin kaɗan-kaɗan, wata gam, wata waya, sauran kuma ya biya da Asabar da Lahadinsa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta haɗari, kuma wannan ba a kawar da ita da hannu ɗaya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a jirgi kuwa ba shi da inda zai gangara sai cikin ƙwaryar, inda tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa ake umartar a kunna fankar zuƙe iska minti huɗu kafin a ta da inji, shi ya sa kuma sa kayan lantarkin mota a injin jirgi ganganci ne, ko da sun yi kama kuma sun fi araha. Fetur mai gaurayen itanol da ya yaɗu a shekarun 2000 ya narkar da tankunan faiba na wasu tsofaffin jirage. Ƙurar tsohon fenti na ɗauke da dalma da tagulla, ifoksi kuma yakan sa wa wanda ya saba taɓa shi da hannu tsirara ƙaiƙayin da ba ya rabuwa da shi. Shi kansa Slocum, da shi da Spray sun ɓace a teku a 1909, bayan jirgin ya sha jiki. Abin da za a iya faɗa shi ne da yawa daga waɗannan jirage an ƙera su ne kafin dokar tsaron jiragen ruwa ta tarayya ta 1971 ko a farkonta, don haka wanda ya tuɓe wayoyi da bututun mai ya sabunta su bisa ƙa'idojin yau yakan bar jirgin ya fi yadda ya fito daga masana'anta aminci. Kamfanonin inshora ma sukan nemi ƙwararren mai bincike ya duba tsohon jirgi kafin su karɓe shi, kuma wannan bincike shi ne alƙalin aikin gida.

Inda hujjar ke da rauni shi ne yawa. Jiragen faiba da suka tsufa sun fi hannayen da za su cece su, kuma da yawa daga waɗanda aka jawo gida da kyakkyawar niyya sukan ƙare a ƙarƙashin tamfol, ciyawa ta fito musu, har magada su rasa yadda za su yi da su. Katako yakan koma ƙasa da kansa. Faiba sai an yanka ta da zarto an kai juji, ko a niƙa ta a ƙona a murhun siminti. Faransa ta amince da girman matsalar, inda tun 2019 wata ƙungiya mai suna APER ke karɓar jiragen shaƙatawa da suka gama aiki tana wargaza su ba tare da cajin mai su kuɗin wargazawar ba, da kuɗin da ake cirewa daga masu sayar da sababbi da wani kaso na harajin jirage. A Amurka al'amarin ya dogara ne ga kowace jiha, kuma a wurare da yawa wanda ya mallaki jirgin a ƙarshe shi ke biyan kuɗin zubarwa, abin da ya sa har yanzu ake tallar tsofaffin jirage kyauta ga duk wanda zai zo da tirela.