Ruwa Ga Kuza, Ƙishirwa Ga Mutanen Jos

Da wuya a sami birni a Arewa da Allah ya wadata da ruwa kamar Jos. Ruwan saman da ake yi a shekara ya kai milimita 1,400, kuma daga duwatsun Filato ne kogin Kaduna da na Gongola suka taso. Duk da haka, da sassafe a Gangare ko Unguwar Rogo ko Rikkos, 'yan garuwa ne ke turo kura cike da jarkoki, matan gida kuma na lissafin wadda za ta shiga tukunya da wadda za a bar wa wanki. Tarihin garin ya nuna cewa wannan ƙishirwa an gaje ta ne, domin tun farko ba don mazauna aka tsara ruwan ba.

Turawa sun fara haƙar kuza a Filato wajen 1904, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, kamfanin lantarki na NESCO kuma ya kafu a 1929 yana amfani da ruwan Kurra. Haƙar kuza aiki ne mai cin ruwa, don da shi ake fasa ƙasa, da shi ake wanke ta, saboda haka kamfanoni suka tare rafuka suka gina madatsu. Ruwan sha mai tsabta ya fara zuwa unguwar Turawa, garin 'yan ƙasa ya dogara da rijiya da rafin Dilimi. Abin ya fi muni lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka shiga diban gwamna: dubun dubatar talakawa daga lardunan Arewa aka kwaso aikin dole har zuwa 1944. Sanyin Filato da ƙarancin abinci da cututtuka suka kashe da yawa, musamman a aikin madatsar Tenti. Mutanen da aka kawo su tare ruwa, su ne suka rasa lafiyayyen abin sha da abin ci.

Za a ce Turawa sun tafi tun 1960, kuma gwamnatocin da suka biyo baya ba su zauna haka ba. Gaskiya ne, ga madatsar Liberty, ga ta Yakubu Gowon a Shen, ga hukumar ruwa ta jihar Filato, jihar da aka ƙirƙiro a 1976. Za a kuma kawo hujjar yawan jama'a, da rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 waɗanda suka sa mutane suka cunkushe a unguwannin da suke jin amana. Sai dai wannan hujja kan gwamnati take komawa. Madatsa ba ta shayar da kowa sai da bututu, bututun kuwa bai bi jama'a inda suka koma ba, wanda ke akwai ma ya tsufa, yana yoyo a gefen kwata. Bayan faɗuwar kasuwar kuza a 1985 an bar ɗaruruwan kududdufai a buɗe, kuma da rani har yau akwai masu ɗiba daga cikinsu.

Likitoci sun daɗe da sanin yadda sarƙar take: gurɓataccen ruwa yana kawo gudawa, gudawa tana hana jikin yaro riƙe abinci, daga nan sai tamowa. Uwa za ta karɓo abincin gina jiki a asibitin sha-ka-tafi, ta koma gida ta dama kunu da ruwan rijiyar da ke dab da masai, bayan 'yan makonni ta sake dawowa layi. Kuɗin da ake kashewa wajen magani da tallafin abinci zai ci gaba da zurarewa muddin famfo bai kawo ruwa ba. Ya kamata gwamnatin Filato ta fara kai sabon bututu unguwannin da suka fi cunkoso, ta kuma riƙa bayyana ranakun sakin ruwa ga kowace unguwa domin jama'a su san wanda za su tuhuma.