Wa Zai Biya Mai Tsaro? Baitulmali da Ɗaukar Jami'an Tsaro a Iyakar Gobir

A cikin Kitab al-Farq, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shugaban shurɗa, wato mai kula da tsaron cikin gari, cikin jami'ai huɗu da mulki ba ya tsayuwa sai da su, tare da waziri da alƙali da mai karɓar haraji. Haɗa mai tsaro da mai tara dukiya wuri ɗaya ba banza ba ne, domin a fiƙihu albashin mai tsaro haƙƙi ne a kan baitulmali. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tsare iyakar Gobir da ribaɗi, ya zaunar da mayaƙa suna noma suna gadi, shi kansa ya tare a Wurno.

Turawa sun mayar da dogarai 'yan doka, ana biyansu daga baitulmalin En'e. Kwamitin da gwamnatin soja ta kafa a 1966 ƙarƙashin Yusufu Gobir ya ba da shawarar haɗe su da 'yan sandan tarayya, aka kuma yi hakan. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda daban. Jiha tana sayen motoci, amma ba ta da ikon ɗaukar ɗan sanda ko ɗaya.

Gatawa ta ɗanɗani kuɗar wannan giɓi. Da jami'ai suka yi ƙaranci, ƙauyukan Sabon Birni da Isa suka dogara ga 'yan sa-kai, har Gwamna Tambuwal ya haramta su a 2021 saboda kisan da ba shari'a. Gwamna Ahmad Aliyu ya ƙaddamar da askarawan jiha a 2024. A Agustan wannan shekarar 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan makonni a hannunsu.

Imam Shaɗibi, a cikin al-I'tisam, ya halatta wa shugaba ya aza wa mawadata kuɗin tsaro idan baitulmali ya ƙare, da sharaɗin adalcinsa da ƙayyade buƙata. Talakan Gobir kuwa ya riga ya biya sau biyu: sau ɗaya ga hukuma, sau ɗaya ga 'yan bindigar da ke aza wa ƙauyuka haraji kafin a shiga gona.