Hannun Wa Ke Kan Takardar Kakanka?



A Amurka akwai gidajen da babban abin gadonsu ƙwallon wasan besbol ne guda ɗaya, wanda wani gwani irin Babe Ruth, da ya rasu a 1948, ya sa wa hannu. Ƙwallon kansa ba wani kuɗi gare shi ba. Hannun ake saya, da shaidar yadda ya shigo gidan. Da sa-hannun jabu ya cika kasuwar, sai da hukumar FBI ta shiga farautar masu yin sa a ƙarshen shekarun 1990.

Mu namu a gafaka yake: Alƙur'ani rubutun hannu, ko littafin fiƙihu, ko wasiƙa mai hatimin sarki. Ɗauki ƙasar Bagudo. Illo tsohon mashigin fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro, kuma inda ayari ya bi malami na bi. A ranar 14 ga Yunin 1898 Ingila da Faransa suka ja iyaka mil 10 sama da tashar jiragen ruwan Illo, suka raba dangi biyu. Saboda haka littattafan malami ɗaya na iya kasancewa rabi a Lolo, rabi a tsallake cikin Benin, balle da yake ba a ɗinke su, warwara suke, rabon gado kuma ba ruwansa da lambar shafi.

To, yaya ake gane na gaske? Fara da shafin ƙarshe, inda mai kwafa kan rubuta sunansa, wani lokaci da ranar da ya gama. Sannan ɗaga takardar ga hasken rana. In ka ga jinjirin wata uku a cikinta, irin takardar Italiya ce da aka riƙa kawowa ta Sahara a ƙarni na 19. Wannan alama ce mai kyau, amma ba ta isa hujja ba, domin an daɗe ana amfani da ita.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jingina rubutu ga wanda bai yi shi ba. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Gwandu zamanin Sarki Halilu, ya samu kwafin Tarikh al-Sudan, ya kwashi abin da ya iya, ya gaya wa Turai cewa na Ahmad Baba ne. Ashe na Abdurrahman al-Sa'di ne, kuma kuskuren ya daɗe yana yawo kafin a gyara. In hakan ta faru ga Barth, ina ga mu da kowace tsohuwar takarda sai mu ce ai hannun Malam Abdullahin Gwandu ne?

Ambaliyar 2020 ta shafi Bagudo ƙwarai, ga kuma gara ba ta hutu. Wanda gidansu ke da gafaka, ya zauna da dattijon da ke riƙe da ita a makon nan, ya tambaye shi daga hannun wa ya karɓa, shi kuma wancan daga wa. Ku ɗauki hoton shafin ƙarshe ku ɗora a ƙasa, mu karanta tare.