Sammacin da ba a ƙi: aikin juri a Ingila daga 1166 zuwa yau

A shekarar 1166 Sarki Henry na Biyu na Ingila ya tara manyan ƙasarsa a Clarendon, ya kafa dokar da ta ɗora wa mutanen gari nauyin da har yau jikokinsu ba su sauke ba. A kowace gunduma a zaɓo mutum 12, a kowane ƙauye mutum 4, su rantse su gaya wa alƙalan sarki waɗanda ake zargi da kisa ko fashi ko sata a yankinsu. Yanke hukunci ba nasu ba ne tukuna. Wanda suka ambata ɗaure shi ake yi a jefa cikin ruwan da limamin coci ya yi wa addu'a. In ya nutse ya kuɓuta, in ya tsaya a saman ruwa ya shiga uku.

A 1215 babban taron coci da Fafaroma Innocent na Uku ya kira a Rum ya hana limamai sa hannu a wannan gwaji. Ba liman, ba gwaji. Alƙalai suka rasa tudun dafawa, sai suka waiwayi maƙwabtan nan: tunda kun san mutumin, kun kuma ji abin da ya faru, ku faɗa mana, ya aikata ko bai aikata ba? Tushen masu taimaka wa alƙali, waɗanda ake kira juri, ke nan. Sanin da suka yi wa maganar shi ya sa ake kiransu.

Tun farko ma ba aikin da ake rububi ba ne. Mutum ya bar gonarsa, ya yi tafiyar kwanaki da guzurinsa, ya je ya faɗi maganar da za ta kai maƙwabcinsa ga igiya, sannan ya dawo ya ci gaba da zama da dangin mamacin. Wanda bai je ba a ci shi tara. Wakilan sarki na gundumomi suka ga kafar ci: su aika wa mutane sammaci fiye da kima, mai hali ya ba da na goro a cire sunansa, a bar tsofaffi da marasa galihu da wahala. Abin ya kai har dokar 1285 ta taƙaita yawan waɗanda za a kira, ta kuma ɗauke wa marasa lafiya da waɗanda suka haura shekara 70.

Wanda ya amsa kiran ma bai tsira ba. Al'ada ce a kulle su ba ci ba sha, ba wutar jin ɗumi, sai bakinsu ya zo ɗaya. A watan Satumba na 1670 aka gurfanar da William Penn da William Mead a kotun Old Bailey ta Landan, saboda Penn ya yi wa 'yan ɗariƙar Quaker wa'azi a titin Gracechurch bayan hukuma ta rufe musu wurin ibada. Masu taimaka wa alƙali suka fito suka ce sun sami Penn da yin magana a kan titi, iyakar abin ke nan. Magana a titi kuwa ba laifi ba ce. Alƙalai suka harzuƙa, aka mayar da su ɗaki aka garƙame, kwana biyu ba abinci, ba ruwa, ba taba, ko fo an hana su. Da suka fito sai ma suka wanke mutanen biyu gaba ɗaya. Aka ci kowannensu tara, aka tura su gidan yarin Newgate sai sun biya. Wasu suka biya. Edward Bushel da 'yan kaɗan suka kafe, maganar ta kai gaban Babban Alƙali John Vaughan, wanda ya yanke cewa ba a hukunta juri saboda abin da ya yanke. Penn ɗin nan shi ne daga baya ya kafa Pennsylvania a Amurka. Izinin ba su abinci da wuta kuwa sai a 1870 aka rubuta shi a doka.

Wa ake kira? Ƙarnuka da dama amsar ita ce namiji mai gida ko fili. Dokar 1919 ta buɗe wa mata ƙofa, amma sharaɗin mallakar dukiya ya tare yawancinsu a soro, sai da dokar 1972 ta soke shi aka koma ɗibar sunaye daga rajistar masu zaɓe. Dokar 2003 ta tsinke sauran igiyar: likitoci, limamai, lauyoyi, 'yan sanda, har alƙalai da kansu, duk sammaci na iya samunsu. A ganina wannan ne gyaran da ya fi ma'ana, don duk aikin da manya ke da hanyar zillewa daga gare shi raina shi ake yi.

Yau a Ingila da Wales kwamfuta ce ke zaɓo sunan duk mai shekara 18 zuwa 75 da ke cikin rajista, muddin ya zauna a ƙasar shekara biyar tun bayan cikarsa 13. Ɗan Najeriya ko ɗan Gana da ke zaune can ya yi rajistar zaɓe, shi ma yana ciki. Takarda za ta zo ta gidan waya, a ba ka kwana 7 ka amsa. Galibi aikin kwana 10 ne na aiki, kuma mafi yawansa zaman jira ne a zaure da littafi a hannu. In shari'a ta taso a shiga da ku kotu, magatakarda ya kira sunaye 12, kowa ya rantse da littafin addininsa, Musulmi da Alƙur'ani, wanda ba ya so ya yi alƙawari da baki. Alƙali ke fassara doka, ku kuma ku auna shaida. Tun 1967 ana iya karɓar ra'ayin mutum 10 in an daɗe ba a daidaita ba. Ba albashi, ana biyan kuɗin mota da na abinci da wani abu na asarar aiki, wanda a kwanakin farko bai kai fam 65 a rana ba. Dole mai gidanka ya sake ka, amma ba dole ba ne ya biya ka. Ga ɗan tasi ko mai shago, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, kuma nan ne ƙorafin mutane yake da gaskiya.

Mai uzuri, kamar jarrabawa ko tiyata ko tafiyar da aka riga aka biya, yana iya neman a ɗage masa sau ɗaya cikin wata 12. Wanda ya yi kunnen uwar shegu da takardar, ko ya amsa ya ƙi zuwa, dokar 1974 ta tanadi tarar da ta kai fam 1,000. A kotunan tarayyar Amurka tarar dala 1,000 ce, ana iya haɗawa da ɗaurin kwana uku.

Laifin da ke kai masu taimaka wa alƙali gidan yari a zamanin nan dai wani ne daban. A 2011 aka yanke wa wata mata ɗaurin wata 8 saboda ta yi hira ta Facebook da ɗaya daga cikin waɗanda aka tuhuma a shari'ar da take zaune a kai. A 2012 aka yanke wa wata malamar jami'a wata 6 don ta bincika tarihin wanda ake tuhuma a intanet ta gaya wa abokan zamanta. Dokar 2015 ta mayar da irin wannan bincike laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara biyu. Abin da aka tattauna a ɗakin shawara kuma, doka ta hana a faɗa wa kowa, ko miji ko mata, ko da shari'ar ta daɗe da ƙarewa.