SABUNTA MANHAJA DA KANTA: DAGA INA ABIN YA SAMO ASALI, KUMA A KUNNA KO A KASHE?

Yau darasin namu tarihi ne, a kan abin nan da ke cinye maka data tsakar dare ba tare da ka taɓa komai ba, wato sabuntawar da waya ko kwamfuta ke yi wa manhajojinta da kanta. Da yawanmu maganin da muka sani shi ne a kashe shi kawai a huta. To kafin ka kashe, ka san dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi.

A da, idan ka sayi manhaja a faifai, yadda ta zo haka za ta zauna, da kurakuranta da komai. Microsoft ya kawo Windows Update a 1998, amma sai kai ka je da kanka ka duba ko akwai sabon gyara. Mutane kuma ba sa zuwa. A watan Yulin 2003 kamfanin ya fitar da faci na wata ɓaraka da aka gano a Windows. Wata guda bai cika ba, a Agusta, ƙwayar cutar Blaster ta ɓulla ta wannan ɓarakar. Kana cikin aiki sai kwamfuta ta ce maka saura daƙiƙa 60 ta mutu, kuma ta mutu ɗin. Maganin yana nan kyauta tun makonni kafin cutar, ba a sha ba ne kawai. Daga nan Microsoft ya tsayar da Talata ta biyu a kowane wata ta zama ranar fitar da faci, sannan a 2004 ya fara matsa wa masu Windows XP lamba su bar kwamfuta ta riƙa ɗauko gyaran da kanta.

Shekara 14 bayan haka aka maimaita labarin, kuma ya fi muni. Ranar 14 ga Maris 2017 aka fitar da faci. Ranar 12 ga Mayu WannaCry ta faɗa wa kwamfutoci kusan 200,000 a ƙasashe wajen 150, tana kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa dala 300. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kusan 19,000. Kusan wata biyu tsakanin magani da annoba. Kwamfutocin da suka karɓi facin sun tsira.

Idan a nan tarihin ya tsaya, da sai in ce maka kunna ka kwanta. Amma mako shida da 'yan kwanaki bayan WannaCry, ranar 27 ga Yunin 2017, ɓarayin intanet suka shigo ta ƙofar da aka yi domin tsaro. A Yukren akwai wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc da kamfanoni da yawa ke amfani da ita. Maharan suka kutsa inda take tura sabuntawa, suka cusa cutar NotPetya a ciki. Kwamfutoci suka karɓa hannu bibbiyu, tunda daga gida saƙon ya fito. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk shi kaɗai ya yi asarar kusan dala miliyan 300.

Na 19 ga Yulin 2024 kuwa ko ɓarawo babu a ciki. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ne ya tura sabuntawa mai kuskure, ta sauka a ko'ina lokaci guda. Microsoft ya ce na'urori miliyan 8.5 ne suka tsaya cak. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice, kuma da yawa sai da ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu kafin su farfaɗo. Ka ga saurin da ake yabon abin da shi, shi ne dai ya yaɗa ɓarnar.

Yanzu mu dawo gida, don a nan ne maganar ta fi shafar ka. Waɗanda suka tsara wannan tsarin sun yi shi ne da tunanin mutumin da ke da wuta dare da rana da Wi-Fi a ɗaki. Kai kuma da ke Kebbe ko Kuchi ko Dogon Daji, wayarka Tecno ce ko itel, caji a shagon mai caji kake yi, data kuma ta ɗari biyar kake saya kana lallaɓa ta, balle tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. A Play Store akwai zaɓuɓɓuka a kan sabuntawa, ciki har da: a kowace irin hanyar sadarwa, a Wi-Fi kaɗai, ko kada a yi sam. Na farko shi ke cinye data. Na biyun kuma shi ne tarkon da ba a lura da shi: idan wayarka ba ta taɓa ganin Wi-Fi ba, to "Wi-Fi kaɗai" da "kada a yi sam" duk ɗaya ne a wurinka. Kana ganin kamar an kunna, alhali shekara guda ba abin da ya sabuntu.

Ga kuma al'adarmu ta tura manhaja ta Xender. Ka sayi waya a kasuwar Tambuwal, a zuba maka manhajoji daga wata wayar da ita ma zuba mata aka yi. Tsohon zubi ne kake karɓa, da tsofaffin ramukansa. GB WhatsApp ma ya fi, don ba ya Play Store ko kaɗan, duk "sabon" da za ka sauke daga wani shafi ne da ba ka san mai shi ba. Labarin M.E.Doc kenan a ƙaramin sikeli.

Kada ka ce wa zai damu da wayata a ƙauye. A Mayun 2019 an gano cewa ana iya dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus a waya ta hanyar kiran WhatsApp, ko da ba ka ɗauka ba. Mutum kusan 1,400 aka kai wa hari, kuma gyaran bai wuce sabunta WhatsApp ba. Gaskiya ne ba irinmu masu Pegasus ke nema ba. Amma da zarar an fitar da faci, an tona inda ramin yake kenan, ƙananan ɓarayi kuma su bi sahu su nemi waɗanda ba su toshe ba. Wayar da ke ɗauke da manhajar bankinka da lambar BVN ɗinka ta isa abin nema.

Ni ga yadda nake gani. Kada ka yi wa duk sabuntawa kuɗin goro. Manhajar banki, OPay ko Moniepoint, WhatsApp, Chrome, da facin tsaro na wayar kanta, waɗannan kada su kwana biyu suna jira. In ka kashe sabuntawa ta atomatik saboda data, babu laifi, amma aikin ya dawo wuyanka: ka ware rana ɗaya a mako, ka sayi datar dare mai arha, ka shiga Play Store ka danna wa waɗannan kaɗai. Wasanni da sauran tarkace su jira.

Babbar sabuntawa kuwa, wadda ke canza tsarin wayar gaba ɗaya, ka ba ta mako guda ka ji abin da waɗanda suka riga ka ke cewa. A Oktoban 2018 wata sabuntawar Windows 10 ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, har Microsoft ya janye ta cikin 'yan kwanaki. Kafin ka fara, ka kwafe hotuna da takardunka a memori, batir ya haura rabi, don waya ta mutu ana tsakiyar aikin yana iya kai ka wurin mai gyara.

Masu laftof kuma, idan kun haɗa ta da MiFi, Windows na ɗauka Wi-Fi ne na gida mara iyaka, sai ta buɗe baki. Ku shiga saitin Wi-Fi ɗin ku kunna "Metered connection". In kuma har yanzu Windows 10 ce a kai, ku sani Microsoft ya daina ba ta facin tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025.

Abu na ƙarshe: duk saƙon da ya zo maka a guruf ko ta SMS cewa danna nan ka sabunta WhatsApp ko manhajar bankinka, kada ka taɓa. Sabuntawar gaske daga Play Store take fitowa, ko daga cikin saitin wayarka.