Noma Ba Huɗa: Me Ya Sa Bai Zauna A Gonar Dankali Ba?

'Yan uwa, maganar noma ba tare da huɗa ba ta daɗe. Tun shekarun 1970 wani masanin ƙasa ɗan Indiya, Rattan Lal, ya yi ta gwaji a cibiyar IITA ta Ibadan. Ya nuna cewa idan ba a kifar da ƙasa ba, aka bar kara da ciyawa suka rufe ta, ruwan sama ba ya kwashe ta, kuma tana riƙe danshi.

Mu a yankin Keffi rabin dabarar muka ɗauka. Da gwamnati ta tare a Abuja a 1991, samarinmu suka bi aikin gini, ƙodago ya yi tsada, sai maganin feshi ya rage wa fartanya aiki. Wannan kam ba sai an roƙi manomi ba, aljihunsa ya gaya masa.

Rufe ƙasa kuwa bai zauna ba. Kara abincin shanu ne da rani, abin da ya rage kuma wutar masu farautar gafiya ta cinye.

Ga dankali abin ya fi wuya. Sai a ƙasa mai laushi yake girma. Kunya ce ke ɗaga shi daga ruwan Agusta, ita ce kuma ke rufe tsagewar da ƙwaro ke bi ya ɓata shi. Ranar cira ma dole a tona. Masu dankalin Turawa na Bokkos da Mangu ba su rabu da kunya ba, kuma ba taurin kai ba ne. Illarta dai, wadda aka ja ta bi gangare, ita ce hanyar da ruwa ke bi ya tafi da ƙasar gonar.